Kafin Ka San Ka Gani: Lacca Kan Yadda Ƙwaƙwalwar Biri Da Ta Mutum Ke Gane Haɗari Da Fuska

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'a, barkanmu da war haka, na gode da kuka ba ni aron lokacinku.

Zan fara da wani abu da ya faru a gidan namun daji na birnin Landan, wanda Charles Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, ya ba da labarinsa da kansa a wani littafi da ya fitar a 1872. Ya je gaban akwatin gilashi mai kauri inda aka ajiye kasa, macijiyar nan mai kumbura tana huci. Ya kai fuskarsa dab da gilashin, ya ƙudurta a ransa cewa ko ta kawo sara ba zai motsa ba, tunda ya san akwai gilashi tsakaninsu. Kasa ta kawo sara. Kafin ya ankara sai ga shi ya yi tsalle da baya, wajen mita ɗaya ko biyu, da saurin da shi kansa ya ba shi mamaki. Ya ce niyyarsa da hankalinsa ba su tsinana masa komai ba a gaban haɗarin da bai taɓa ɗanɗanawa ba a rayuwarsa.

Mutum ne mai ilimi, ya san abin da ke gabansa, ya kuma shirya. To wa ya yi tsallen? Wannan tambayar ce za ta riƙe mu yau.

In na ce dangin birai, ina nufin kirka da jan biri da gwaggon biri, har zuwa manya irin su gorila, kuma masana ilimin halittu suna saka mutum a wannan rukuni saboda kamannin ginin jiki da na ƙwaƙwalwa. Abin da ya bambanta wannan dangi da yawancin dabbobi masu shayarwa shi ne ido. Kare da hanci yake rayuwa, ɓera da hanci da gashin baki. Biri kuwa da ido yake rayuwa. A irin birin da aka fi yin bincike da shi, wanda ake kira makak, kusan rabin ɓawon ƙwaƙwalwarsa aikin gani yake yi. Kuma cikin duk abin da ido ke kawowa, abu biyu ne ba sa jira: abin da zai kashe ka, da fuskar wanda ke kusa da kai.

Ku riƙe ma'auni ɗaya, don za mu yi ta amfani da shi. In aka raba daƙiƙa ɗaya gida dubu, kowane kashi shi ne milisakan. Ƙiftawar ido ɗaya tana cin fiye da milisakan 100.

Saƙon da ya fito daga ido yana da babbar hanya. Yakan bi jijiyar gani zuwa wata tasha a tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira talamus, daga nan ya wuce ƙeya, inda cibiyar gani ta farko take. A can ake tsinka hoton zuwa layuka da gefuna da launuka, sannan a turo shi gaba ta ƙasan ɓangaren da ke saitin kunne, ana ta harhaɗa shi mataki mataki har ya zama abin da ka sani: wannan igiya ce, wancan maciji ne. Wannan hanya ita ke ba da hoto tsaf, kuma da ita ne kake sanin ka gani.

Akwai kuma wata ƴar hanya ta ƙasa. Wasu zaruruwan jijiyar ido sukan ratse zuwa wani ɗan tudu a saman kututturen ƙwaƙwalwa, daga nan su shiga wani yanki na talamus mai suna fulbina, sai kuma amigdala. Amigdala ƴar curi ce ta ƙwayoyin jijiya, ɗaya a dama ɗaya a hagu, can ciki a saitin kunne. Ita ke da hannu wajen tayar da bugun zuciya, sandarar da jiki, da juyar da hankali gaba ɗaya zuwa abin da ya ɓullo. Hoton da ke bin wannan ƴar hanya dishi-dishi ne, ba shi da ƙananan bayanai, amma yana riga isa. Joseph LeDoux na Jami'ar New York shi ya fi shahara da fito da wannan tsari na hanya biyu, kodayake da ɓeraye da sauti ya yi aikinsa. An daɗe ana gardama ko haka abin yake a idon biri da mutum, kuma manyan masana irin su Luiz Pessoa da Ralph Adolphs sun rubuta a 2010 cewa an zuzuta ƴar hanyar, babbar hanyar ma tana da sauri fiye da yadda ake zato. Sai a 2016 wasu masu bincike a Madrid suka samu damar auna amigdala kai tsaye, a jikin masu farfaɗiya da likitoci suka riga suka dasa wa siraran wayoyi a ƙwaƙwalwa don neman inda ciwon ke tasowa. Da aka nuna musu fuskar mai tsoro, amigdala ta amsa cikin milisakan 74, kafin yankin da ke tantance fuska ya amsa. Kuma hoto mai dishi-dishi ne ya haifar da wannan amsa mai sauri. Wannan ya ƙarfafa masu cewa ƴar hanyar tana nan tana aiki.

Shaida mafi ban mamaki ta fito ne daga wani majinyaci da ake kira T.N. a rubuce-rubucen likitoci. Shanyewar jiki ta same shi sau biyu a jere, ta lalata cibiyar gani ta ƙeya a duka ɓangarorin biyu. Idanunsa lafiya lau, amma shi a wurinsa duhu ne kawai, da sanda yake tafiya. Beatrice de Gelder da abokan aikinta suka jera tarkace a wani dogon baranda, kwalaye da kwandon shara da makamantansu, suka karɓe sandar suka ce ya yi tafiya. Ya bi ya kauce wa kowane ɗaya, har yana karkata jiki don ya wuce ta matsatsi, bai taɓa ko ɗaya ba. Shi kuwa bai san ya kauce wa komai ba. An kuma nuna masa hotunan fuskoki aka ce ya yi canke, mai fushi ce ko mai fara'a, ya riƙa cin daidai fiye da yadda sa'a kaɗai za ta bayar, kuma na'ura ta nuna amigdalarsa ta dama tana amsawa. Ashe gani da sanin ka gani abu biyu ne daban, kuma na farko yana iya tafiya ba tare da na biyu ba.

To me zai faru in babu amigdala? Tun a ƙarshen shekarun 1930, Heinrich Klüver da Paul Bucy a Chicago suka cire wa birai ɓangaren ƙwaƙwalwa na saitin kunne a gefe biyu. Biran da a da ko hango maciji ba sa so, sai ga su suna matsowa suna taɓa shi, suna kai komai baki. A 1956 Lawrence Weiskrantz ya nuna cewa lalata amigdala kaɗai ya isa ya kawo mafi yawan wannan sauyi na rashin tsoro.

A cikin mutane akwai wata mata a Amurka da ake kira S.M., wadda masana a Jami'ar Iowa suka shafe shekaru da dama suna nazarin lamarinta. Wata cuta ta gado da ba kasafai ake samunta ba ce ta lalata mata amigdala duka biyu, ta bar sauran ƙwaƙwalwar kusan yadda take. Tana da hankalinta, tana farin ciki, tana baƙin ciki, ta haifi ƴaƴa. Tsoron abin da ke waje ne kawai babu. Justin Feinstein da abokan aikinsa sun ba da rahoto a 2011 cewa sun kai ta shagon da ake sayar da macizai. Ita da bakinta ta sha cewa ta tsani maciji. Suna shiga sai ta nufi akwatunan, aka miƙo mata ɗaya ta riƙe fiye da minti 3, tana shafa saɓarsa, har ta taɓa harshensa da yake ta lasowa. Sau 15 tana roƙon a bar ta ta taɓa manyan masu haɗari, ana hana ta. Da aka tambaye ta dalili, sai ta ce son sani ne ya ci ƙarfinta. Kada wani ya yi sha'awar irin wannan hali. Matar nan an taɓa sa mata wuƙa a wuya da dare a wani wurin shaƙatawa, ta tsira, washegari ta sake bin hanyar nan ɗin. Ta sha faɗawa hannun miyagu, domin abin da ke ce wa kowa ja da baya ita ba ya ce mata komai. Amma a 2013, da aka ba ta ta shaƙi wata iska da kashi 35 cikin 100 nata kabon dayoksaid ce, wato iskar nan da jiki ke fitarwa in mun yi numfashi, wadda yawanta ke sa jiki ya ji kamar ana shaƙe shi, sai ta firgice matuƙa, tana neman a cire mata abin. Ke nan amigdala ba ita ce gidan tsoro gaba ɗaya ba. Aikinta ya fi karkata ga lura da haɗarin da ke tahowa daga waje, ta sa hankali ya koma kansa.

Yanzu mu zo inda na fi so mu daɗe. Shin da tsoron maciji ake haihuwar biri?

Yawancin mutane za su ce eh. Susan Mineka da Michael Cook sun gwada a Jami'ar Wisconsin a shekarun 1980, kuma abin da suka samu ya fi eh ko a'a daɗin ji. Suna da birai iri biyu: waɗanda aka kamo daga daji shekaru da yawa da suka wuce, da waɗanda aka haifa a ɗakin bincike ba su taɓa ganin maciji ba. Gwajin mai sauƙi ne. A ajiye abin marmari a bayan wani akwati mai gani-har-hanji, sai biri ya miƙa hannu ta saman akwatin kafin ya ɗauka. In aka sa maciji a ciki, ko na roba ne, ƴan daji sai su koma ƙuryar keji, suna yaƙe haƙora, suna girgiza ƙarafa, ba mai miƙa hannu. Ƴan ɗaki kuwa yawancinsu su miƙa hannu su ɗauke abinsu hankali kwance. Har nan, sai ka ce to ai koyo ne, ba gado ba.

Sai aka bar ɗan ɗaki ya kalli ɗan daji yana firgita da maciji. Kallo na ɗan taƙaitaccen lokaci ya wadatar. Daga nan shi ma ya kamu da tsoro mai tsanani, kuma da aka dawo bayan wata 3 tsoron na nan bai ragu ba. Ba a sare shi ba, bai ji ciwo ba, fuskar ɗan'uwansa kawai ya gani.

Ga inda gwanintar masu binciken ta fito. Suka ɗauki bidiyon biri yana firgita, suka yanka suka haɗa, ta yadda wasu masu kallo za su ga kamar macijin roba ko kadan roba yake tsoro, wasu kuma su ga kamar furanni ko zomon roba yake tsoro. Firgitar iri ɗaya ce sak, hoton biri ɗaya ne. Waɗanda suka ga maciji da kada suka koyi tsoro. Waɗanda suka ga fure da zomo ba su koyi komai ba. Ku tsaya ku auna wannan. Birin da bai taɓa ganin maciji ba, bai taɓa ganin fure ba, amma ƙwaƙwalwarsa ta yarda nan take a koya mata tsoron ɗaya, ta ƙi yarda a koya mata tsoron ɗayan. Ba da tsoron aka haife shi ba. Da shirin karɓar tsoron aka haife shi, kuma shirin ya zaɓi abin da zai karɓa. A ganina duk laccar yau a kan wannan gaɓa take tsaye, kuma za ku ga ta sake ɓullowa in mun zo kan fuska.

A daji ma haka ake gani. Thomas Struhsaker ya lura a Amboseli ta ƙasar Kenya, a shekarun 1960, cewa birai dangin kirka suna da kuka daban ga kowane maƙiyi. A 1980 Robert Seyfarth da Dorothy Cheney da Peter Marler suka ɓoye lasifika a cikin ciyawa suna kunna kukan da suka naɗa, alhali babu maƙiyin a wurin. In aka kunna kukan damisa, birai su haye bishiya. In na gaggafa ne, su ɗaga kai sama su faɗa cikin duhuwar ƙaya. In na maciji ne, su miƙe kan ƙafa biyu suna duban ƙasa. Ƙananansu kuwa, tun suna jarirai suna yin kukan gaggafa, sai dai sukan yi shi ga kowane tsuntsu, wani lokaci har ga ganyen da ya faɗo. Amma ba sa yin kukan gaggafa ga abin da ke tafiya a ƙasa. Rabon farko, na sama da na ƙasa da mai jan ciki, da shi suka zo. Tacewar, wato wace gaggafa ce ke ɗaukar biri, a wurin manya suke samunta a hankali.

Lynne Isbell ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta kai maganar nesa. A 2006 ta gabatar da ra'ayin cewa zama da macizai na miliyoyin shekaru yana cikin abin da ya kaifafa idon dangin birai tun asali. Cikin hujjojinta akwai cewa dabbobin wannan dangi na tsibirin Madagaska, inda babu macizai masu mugun dafi, su ne mafi raunin gani, na Afirka da Asiya kuwa, da suka fi daɗewa da masu dafi, su ne mafi kaifin ido. A 2013 ta haɗu da masu bincike a Jami'ar Toyama ta Japan, suka auna ƙwayoyin fulbina na birai biyu da suka tashi ba tare da sanin maciji ba. Suka nuna musu hotunan macizai da fuskokin birai da hannaye da zane-zane. Ƙwayoyin da suka fi amsa wa maciji sun fi yawa, amsarsu ta fi sauri, ta kuma fi ƙarfi. Sakamako ne mai jan hankali, amma birai biyu ne, kuma akwai wasu bayanai na dalilin kaifin idon biri, kamar neman nunannun ƴaƴan itace da kama ƙwari a kan reshe. Ni dai ina ɗaukar ra'ayin Isbell a matsayin ra'ayi mai ƙarfi da ake ci gaba da gwadawa. Abin da ya fi tabbata shi ne yara ƴan shekara 3 zuwa 5, a gwajin Vanessa LoBue da Judy DeLoache na 2008, sun fi saurin tsinto hoton maciji a cikin furanni a kan tsinto fure a cikin macizai, ko da iyayensu sun ce ba su san maciji ba.

Mu koma kan fuska.

A 1975 wata tawaga ƙarƙashin Carolyn Goren a Amurka ta gwada jarirai 40, matsakaicin shekarunsu a duniya minti 9. Aka riƙa wucewa da wani allo a gabansu a hankali. In an zana masa ido biyu da hanci da baki a inda suka dace, jariri ya fi juya kai da ido ya bi shi. In an hargitsa su, bin ya ragu. In allon wayam ne, ya ƙara raguwa. Mark Johnson da John Morton sun maimaita a Ingila a 1991 suka samu kusan haka. Ɗigo biyu a sama, ɗaya a ƙasa, ya isa ya ja idon sabon haihuwa.

A cikin ƙwaƙwalwa kuwa, labarin ya fara ne da hannu. Charles Gross da abokan aikinsa suna sauraron ƙwayar jijiya ɗaya a ƙwaƙwalwar biri, a yankin ƙasan saitin kunne. Yadda ake yi, ana zura siririyar waya kusa da ƙwayar, a haɗa da lasifika, in ta motsa ka ji ƙara kamar tartsatsi. Sun nuna mata layuka da da'irori da hasken fitila, shiru. Da suka gaji, ɗayansu ya kaɗa hannu a gaban allon, sai lasifika ta ɓarke. Suka shafe awa 12 suna yanka takardu siffa iri iri, kuma wadda ta fi tayar da ƙwayar ita ce mai siffar hannun biri. A rahotonsu na 1972 sun ambaci ƙwayoyin da ke amsa wa fuska ma. Shekaru da dama mutane ba su gaskata ba, sai da wasu a Oxford, David Perrett da Edmund Rolls, suka samu irinsu a 1982. A 1997 Nancy Kanwisher ta nuna da na'urar ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa cewa mutum yana da wani ɗan fili a ƙasan ƙwaƙwalwa, ya fi fitowa a dama, da ke amsa wa fuska fiye da gida ko hannu ko kowane kaya.

Doris Tsao da Winrich Freiwald suka haɗa dabarun biyu. Suka fara gano filayen da na'ura a ƙwaƙwalwar biri, kusan 6 a kowane gefe, sannan suka zura waya cikin ɗaya daga ciki. A 2006 suka bayyana cewa kashi 97 cikin 100 na ƙwayoyin da ke amsa wa gani a wannan fili fuska suka fi so. Ɗan abin da ke motsa su kaɗan ban da fuska shi ne abubuwa masu kewayayyar siffa, kamar agogon bango. A 2017 Tsao da Le Chang suka yi abin da ya girgiza fagen: daga motsin ƙwayoyi 205 kacal na birai biyu, suka sa kwamfuta ta sake zana fuskar mutumin da birin ke kallo, zanen ya fito kusan ba a bambanta shi da hoton asali. Suka gano cewa ba kowace ƙwaya ce ke riƙe da mutum guda ba. Kowace tana auna siffa ɗaya ce, kamar tazarar idanu ko faɗin goshi haɗe da wasu, jimillar ma'aunan ita ce fuskar.

In wannan wuri ya taɓu, abin da ke faruwa yana da ban tausayi. A Jami'ar Stanford, a 2012, likita Josef Parvizi ya sa ƴar wutar lantarki kaɗan a wannan fili a ƙwaƙwalwar wani mai farfaɗiya da ake shirin yi wa tiyata, yana farke yana kallonsa. Majinyacin ya ce wa likitan yanzun nan ya rikiɗe ya zama wani, hancinsa ya zazzago ya karkace. Kaya da jiki da ɗakin duk suna nan yadda suke, fuskar ce kawai ta narke. Aka ɗauke wutar, ta dawo. Akwai masu rayuwa da irin wannan nakasa kullum, makantar fuska, wadda likitan Jamus Joachim Bodamer ya siffanta a 1947. Suna ganin ido da hanci da baki sarai, amma ba sa haɗuwa su zama wane. Ana ƙiyasta kusan mutum 2 cikin 100 da ita suka tashi ba tare da wani rauni ba. Da murya da tafiya da sutura suke gane danginsu, kuma sau da yawa ana yi musu kallon masu girman kai da ba sa gaisuwa.

To wannan fili, gado ne? A 2008 Yoichi Sugita a Japan ya reni ƴaƴan birai wata 6 zuwa 24 ba su ga fuska ko ɗaya ba, masu kula da su suna rufe fuska. Duk da haka sun fi son kallon hoton fuska a kan na kaya, ta biri ko ta mutum duk ɗaya. Sai aka ba su wata guda, wasu da fuskokin mutane, wasu da na birai. Kowanne ya ƙware a irin da ya fara gani, ɗayan kuma ya yi masa wuya har bayan shekara. A 2017 kuma Margaret Livingstone da Michael Arcaro a Harvard suka duba ƙwaƙwalwar birai 3 da aka rena haka, masu kula da su sanye da garkuwar fuska irin ta masu walda. Biri na yau da kullum filayen fuskarsa sukan bayyana wajen kwana 200 da haihuwa. Waɗannan babu su. Hannaye suka fi kallo, kuma filayen hannu ne suka bunƙasa musu. Dole in faɗi cewa raba jaririn biri da uwarsa don irin wannan gwaji abu ne mai nauyi, masana da yawa sun soke shi, kuma ina ganin sukar tana da tushe. Ilimin da muke tattaunawa yau wasu halittu ne suka biya kuɗinsa.

Kun ga abin da muka gani a maciji ya dawo. Abin da jariri ya zo da shi ɗan kaɗan ne: jan ido zuwa wata siffa, da wuri a ƙwaƙwalwa da ke jiran a cika shi. Abin da ya yi ta kallo shi ke cikawa. Olivier Pascalis ya nuna a 2002 cewa jariri ɗan wata 6 yana bambanta fuskar wannan biri da ta wancan, ɗan wata 9 kuwa ya daina, kamar yadda manya ba sa iyawa. Ƙwarewa ta tattaru a kan irin fuskokin da yake gani kullum. Daga nan ne ake samun abin nan da mutum zai ce mutanen wata nahiya duk kamarsu ɗaya. Su ma haka suke ganinsa.

Inda haɗari da fuska suka haɗu kuwa, ido ne. S.M. da na ba ku labari ba ta iya gane fuskar mai tsoro a hoto. A 2005 Adolphs ya bi motsin idonta da na'ura, sai ya ga ba ta duban idanun mutane, hanci da baki take kallo. Da aka ce mata dubi idon, nan take ta gane tsoro kamar kowa. Da aka daina tuna mata, ta koma gidan jiya. Paul Whalen kuma ya nuna a 2004 cewa farin idon mai tsoro kaɗai, ba sauran fuska, in aka walƙa shi na milisakan 17, ya isa ya motsa amigdala, alhali mai kallo bai san an nuna masa ba. Ga dabbar da ke zaune cikin garke, zaro idon maƙwabci labari ne cewa ya ga abin da kai ba ka gani ba tukuna.

Wannan sauri yana da farashi. Mai gadin da ke ihu duk sanda ya ga inuwa, sau tara ba kowa, na goma ɓarawo ne, ya fi wanda ke jira sai ya tabbatar amfani. Haka wannan tsari yake, ya gwammace ya yi kuskuren firgita a kan kuskuren sakaci. Shi ya sa wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, shi ya sa muke ganin fuska a gajimare da gaban mota da soket ɗin lantarki. Hoton da kumbon Viking 1 ya ɗauko a duniyar Mars a 1976 ya sa mutane da yawa sun rantse fuska ce, daga baya hotuna masu kyau suka nuna tudu ne da inuwa. Jessica Taubert ta nuna a 2017 cewa birai ma suna ganin irin waɗannan fuskokin ƙarya, har suna duban inda ido da baki suke. Kuma tsarin bai san zamani ya sauya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara, haɗarin hanya kuwa kusan miliyan 1.19, amma yaro da kallo ɗaya yake koyon tsoron maciji, tsoron titi sai an yi ta nanata masa.

Wanda ya fi damuna shi ne hukuncin da muke yanke wa mutane. Muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma game da abin da mutum ke ji a wannan lokaci, tsoro ko fushi ko murna, maganar tana da gaskiya mai yawa. Game da halinsa kuwa, a nan ake zalunci. Janine Willis da Alexander Todorov sun nuna a 2006 cewa cikin milisakan 100 mutane sun riga sun yanke ko baƙuwar fuska abar amincewa ce, ƙarin lokaci kuma tabbaci kawai yake ƙara musu, bai cika sauya hukuncin ba. Todorov da kansa ya yi ta jaddada cewa wannan hukunci bai cika dacewa da ainihin halin mutum ba. A Amurka, cikin waɗanda aka ɗaure bisa kuskure daga baya gwajin ƙwayoyin gado ya wanke su, kusan kashi 70 cikin 100 akwai shaidar wanda ya ce ya gan su da idonsa, kuma da yawa daga cikin shaidun ba ƙarya suka yi niyya ba, sun yi imani da abin da suka faɗa. Kuskuren ya fi yawa in mai shaida da wanda ake tuhuma ba launin fata ɗaya ba ne, saboda dalilin da muka gani a jariran Pascalis.

Lokaci ya ja, bari in karɓi tambaya.

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara basira. Ni uwa ce, kuma ina da mugun tsoron maciji da gizo-gizo. Daga bayaninka na fahimci ni zan iya zuba wa ƴaƴana wannan tsoro. Akwai abin yi?

Amsa: Amin, Malama, na gode. Mineka da Cook sun gwada kusan wannan tambayar taki a 1986. Suka ɗauki ƴan ɗaki, kafin su ga kowane biri yana firgita, suka fara ba su lokaci suna kallon wani biri da ke zaune kusa da maciji hankali kwance, yana miƙa hannu yana ɗaukar abinsa. Daga baya aka nuna musu mai firgita, irin kallon da ya sa sauran suka kamu. Yawancinsu ba su kamu ba. Abin da yaro ya fara gani yana da ƙarfi ƙwarai, don haka in akwai babba mai natsuwa da zai fara nuna masa waɗannan halittu, a hoto ko ta bayan gilashi, yana gaya masa wanne ne mai dafi da yadda ake ja da baya a hankali, to ya samu taka-tsantsan ba tare da firgici ba. Ke kuma naki tsoron yana da magani. Likitocin ƙwaƙwalwa suna bi da mutum mataki mataki, daga kallon hoto, zuwa bidiyo, zuwa tsayawa nesa da akwati, zuwa matsowa, ba a wucewa gaba sai bugun zuciya ya lafa a matakin da ake kai. Lars-Göran Öst na ƙasar Suwidin ya nuna cewa ga irin wannan tsoro na abu guda, zama ɗaya na kusan awa 3 yakan wadatar da mafi yawan masu fama da shi. Tsohon tsoron ba gogewa yake yi ba, ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa ne ke koyon danne amigdala, shi ya sa yakan ɗan leƙo bayan lokaci ko a sabon wuri, kuma shi ya sa ake so mutum ya ci gaba da gwadawa lokaci lokaci bayan an gama. Akwai wata tambayar daga baya can, bismillah.